Baƙin Kundi da Tartsatsin Saƙo: Dalilin da Imel ɗin Ofisoshinmu Ke Dawowa

Akwai ƙorafi iri biyu da mai kula da kwamfutocin ofis a Gombe ko Bauchi ya saba ji. Akawu ya leƙo ɗakinsa ya ce, "Injiniya, takardar neman biyan kuɗi da na tura Abuja jiya ta dawo mini, da wani dogon Turanci mai lamba 550." Ko kuma shugaban ofis da kansa ya kira shi da sassafe: "Malam, zo ka gani. Akwatina ya cika maƙil da saƙonni, kowanne yana cewa wasiƙata ba ta isa ba, ni kuwa ban rubuta wa ko ɗayansu ba. An yi mana kutse ne?"

Matsalar akawu yawanci ta baƙin kundi ce, wato jerin da ake sa duk sabar imel (kwamfutar da ke aikawa da karɓar saƙonnin ofis) da aka kama tana fitar da tarkacen saƙo, abin da ake kira spam. Ta shugaban kuwa ita ce masana ke kira backscatter da Turanci. A nan za mu ce mata tartsatsi, domin kamar na maƙera yake: wani ke dukan ƙarfe, na gefe ke ƙonewa. Tushen matsalolin biyu ɗaya ne, kuma wani lokaci tartsatsin ne ke jefa saba cikin kundin.

Maganar ta ƙara tasowa ne saboda sauye-sauyen da suka zo a jere. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓar saƙo. A Yunin shekarar aka rufe SORBS, ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen. A Mayun 2025 Microsoft ta bi sahu da nata sharuɗɗan ga masu aika wa Outlook da Hotmail saƙo da yawa. Sabar da aka ɗora shekaru goma da suka wuce, ba a sake waiwayarta ba, yau tana iya cin karo da ƙofofi a rufe.

## Inda ramin yake

Ƙa'idar da sabobi ke bi wajen miƙa wa juna imel sunanta SMTP, kuma Jon Postel ne ya rubuta ta a 1982, lokacin da masu amfani da hanyar ba su da yawa, kusan duk sun san juna. Gajeriyar hira ce. Sabar mai aikawa ta yi sallama ta faɗi sunanta, ta faɗi daga wa saƙon ya fito, ta faɗi wa za a kai wa, sannan ta miƙa shi. A kowace gaɓa mai karɓa tana amsawa da lamba: 250 na nufin na yarda, masu farawa da 4 na nufin dawo anjima, masu farawa da 5 na nufin na ƙi, kada ka sake kawowa.

A duk wannan hirar babu inda aka ce a tabbatar da sunan mai aikawa. Kamar mutum ne ya kai buhu tashar mota, ya rubuta lambar wayar da ya ga dama a matsayin ta mai kaya, ba wanda ya tambaye shi katin shaida. Idan buhun ya isa Kano ba a sami mai shi ba, wa yaran mota za su kira? Mai lambar da ke jiki, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kuma adireshin mai aikawa biyu ne a kowane imel. Akwai na ambulan, wanda sabobi ke faɗa wa juna, kuma can ake mayar da saƙo idan bai isa ba. Akwai na kan takarda, wanda mai karatu ke gani. Ana iya ƙarya a kowanne, kuma ba dole su zo ɗaya ba.

## Kundin da ba hukuma ce ke riƙe da shi ba

Mutane da yawa suna ɗauka wata hukumar duniya ce ke sa saba a baƙin kundi. Babu ruwan NCC ko NITDA, hukumomin sadarwa da fasahar zamani na Najeriya, a ciki, babu ruwan AFRINIC mai raba lambobin IP a Afirka, wato lambobin da ake gane kowace na'ura da su a intanet. Ƙungiyoyi ne da kamfanoni masu zaman kansu, wasu ma mutum ɗaya ne da kwamfutarsa. Paul Vixie ne ya fara fitar da irin wannan jeri a Amurka a 1997, sannan Steve Linford ya kafa Spamhaus a Landan a 1998, wadda har yau ita aka fi sauraro.

Aikin yana da sauƙi. Idan saba mai lamba 192.0.2.15 ta zo da saƙo, mai karɓa za ta juya lambar ta koma 15.2.0.192, ta liƙa mata sunan kundin, misali zen.spamhaus.org, ta tambayi DNS, kundin sunayen intanet. Idan amsa ta zo da lamba mai farawa da 127.0.0, to sabar tana ciki. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido ba.

Mai kundi ba ya tare saƙon kowa da hannunsa. Abin da yake yi bai wuce na dillalan kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ba idan suka gaya wa juna cewa wane yana cusa tsakuwa a buhun wake: wanda ya ji ya ga dama ya ƙi sayen kayansa, wani ya zazzage buhun ya duba, wani ya yi kunnen uwar shegu. Hukunci yana hannun mai karɓar saƙo. Saboda haka nauyin kundi shi ne yawan masu aiki da shi. Shafuka irin su MXToolbox suna duba lamba a cikin kundaye da dama lokaci guda, sai mai kula da saba ya ga jan tambari ɗaya hankalinsa ya tashi, alhali wataƙila babu ko mutum ɗaya cikin waɗanda ofishinsa ke rubuta wa da ke tambayar wannan kundin.

Ko a cikin Spamhaus ma jerin ba ɗaya ba ne, kuma lambar ƙarshe ta amsar ce ke bambanta su. Amsar 127.0.0.2 ta SBL ce, jerin waɗanda aka tabbatar suna aika tarkace. 127.0.0.4 ta XBL ce, na'urorin da ƙwayar cuta ta kama. 127.0.0.10 da 127.0.0.11 na PBL ne, wanda shi ba jerin masu laifi ba ne sam. Lambobi ne na gidaje da wayoyi da bai kamata su riƙa aika imel kai tsaye zuwa sabar wasu ba. A Bauchi da Gombe, inda ofisoshi da dama ke shiga intanet ta layin waya, wannan yakan rikita mutane. Wani zai duba lambar da ƙaramar na'urar intanet ɗinsa ta ba shi, ya ga tana PBL, ya ce an yi masa sharri. Lambar ma ba tasa ba ce shi kaɗai, domin kamfanonin waya suna tara kwastomomi masu yawa a bayan lamba guda. Lambar da ta dace a duba ita ce ta sabar da ke fitar da imel ɗin ofis.

Sauran kundayen kowanne da halinsa. SpamCop, wanda ke hannun Cisco, ya dogara da ƙorafin masu karɓa da tarkuna, wato adireshin da aka ɗana don kama masu tarkace, kuma yana cire lamba da kansa bayan kamar awa 24 idan ƙorafi ya tsaya. UCEPROTECT yana da hawa uku: na farko lamba ɗaya, na biyu rukunin lambobin da ke maƙwabtaka da ita, na uku kamfanin intanet ɗin gaba ɗayansa. Gmail da Outlook kuwa sun fi dogara da nasu ma'aunin na cikin gida, wanda ba a iya dubawa a shafukan nan. Saba tana iya zama fes a duk kundayen waje amma Gmail ta ci gaba da jefa saƙonninta cikin kwandon tarkace.

## Ta ina ake shiga

Hanyar da aka fi gani ita ce satar kalmar sirri. Ma'aikaci ɗaya ya danna saƙon da ke cewa akwatinsa ya cika, ya sa kalmarsa a shafin bogi, kafin gari ya waye an fitar da dubban saƙonni da sunansa ta sabar ofis. A idon duniya sabar ce ta aika, kuma gaskiya ne.

Sai tsohon shafin intanet na WordPress ko Joomla da aka daina sabuntawa, ko fom ɗin tuntuɓa da ba shi da kariya, wanda ɓarayi ke mayarwa injin aika saƙo. Sai kwamfutar ofis da ta ɗauki ƙwayar cuta take fita ta ƙofa ta 25, hanyar da sabobi ke miƙa wa juna imel, ba tare da kowa ya sani ba. Akwai kuma laifin maƙwabci: ƙananan ofisoshi da makarantu da yawa suna hayar wuri ne a saba ɗaya da ɗaruruwan wasu, duk a lamba guda, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Wani lokaci ma sabuwar sabar da aka kama haya takan zo da lambar da wanda ya riga ya gama ɓata mata suna.

Wata hanyar ofis ne ke jawo wa kansa. A tattaro adireshi daga takardun halartar taro na shekaru, ko a saya a hannun wani, a tura musu sanarwa gaba ɗaya. Cikin irin wannan jeri akan sami tarko, wato adireshin da ya mutu tuntuni aka mayar da shi abin kamun masu tarkace, ko wanda ba a taɓa ba kowa ba. Duk saƙon da ya faɗa can shaida ce cewa mai aikawa bai nemi izini ba. Haka ma ofishin da ya saita a riƙa tura wa ma'aikata duk saƙonninsu zuwa Gmail ɗinsu na kansu: tarkacen da ya shigo zai bi ta sabar ofis ya wuce, Gmail kuwa lambar ofis take gani.

## Tartsatsi

A ce wani mai tarkace a wata ƙasa yana son aika saƙo dubu ɗari. Ba zai sa adireshinsa a ambulan ba, sai ya ɗauki na wani shugaban makaranta a Gombe da ya tsinta a intanet. Cikin adireshin da yake aika wa, da yawa babu su. Abin da zai biyo baya ya danganta da halin sabar da ke karɓa.

Saba mai kyakkyawan saiti tana duba sunan wanda aka kawo wa saƙo tun ana cikin hira. Idan babu shi ta ce 550, babu mai wannan suna a nan. Magana ta ƙare a bakin ƙofa, saƙon yana hannun wanda ya kawo shi, injin mai tarkace ya wuce gaba. Ba wanda ya ji komai.

Saba mai mugun saiti takan ce 250, na karɓa, ta sallami mai kawowa, sannan daga baya ta gano babu mai sunan. Yanzu kaya ya zama nata. Ƙa'ida ta ce wanda ya karɓi saƙo bai isar ba dole ya sanar da mai shi, don haka sai ta rubuta sanarwar rashin isa ta aika wa adireshin da ke ambulan, wato shugaban makarantar nan. Idan sabobi dubu suka yi haka, sanarwa dubu ce za ta sauka a akwatinsa, wasu ɗauke da kwafin tarkacen ko ma ƙwayar cutar da ke ciki. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan wanda ke kwance a sheƙarsa ne ya jiƙe.

Mutum biyu ne ke cutuwa. Na farko mai adireshin. Na biyu mai sabar da ta yi aiken, domin masu tarkace sukan sa adireshin tarko a ambulan, sanarwar ta faɗa tarko, lambar sabar ta shiga kundi. Akwai ma kundin da aka keɓe don wannan kaɗai, Backscatterer, na mutanen UCEPROTECT, wanda ke riƙe lamba mako 4. Mai kula da saba zai binciki duk akwatuna bai ga wanda aka sace ba, ya rasa laifin da ya yi, alhali ladabin sabarsa ne ya ja masa.

Me ke sa saba ta karɓa kafin ta duba? Mafi yawa tsarin hawa biyu ne. Akwai na'urar tace saƙo a gaba, ainihin akwatunan suna wata saba a baya, ta gaban ba ta da jerin sunayen ma'aikata, don haka komai aka kawo sai ta amsa. Akwai kuma sabar ko-ta-kwana. Ofishin da ya ajiye sabarsa a cikin gini yana fargabar ɗaukewar wuta da ƙarewar man janareta, sai ya yi hayar ta biyu a waje don ta riƙe saƙo kafin wuta ta dawo. Masu tarkace sun san irin waɗannan ba su cika sanin sunaye ba, kuma da gangan suke nufarsu. Abin lura shi ne sau da yawa ba a ma buƙatarta: sabar da ta zo ta tarar da ƙofa a rufe tana ajiye saƙon ta riƙa sake gwadawa, ƙa'ida ta ba da shawarar kwana 4 zuwa 5, kuma Postfix, ɗaya daga cikin manhajojin sabar imel, kwana 5 yake jira idan ba a sauya masa ba. Rashin wuta na yini ɗaya ba ya ɓatar da imel, jinkirta shi kawai yake yi.

Sauran hanyoyin sun haɗa da manhajar kashe ƙwayar cuta mai aika gargaɗin "saƙonka yana da cuta" ga wanda bai aiko ba, da amsar kai-tsaye ta "ina hutu" da ke amsa wa kowa har da tarkace, da akwatin da ya cika aka gano bayan an karɓa, da tsarin da ke tura wa baƙo tambaya ya tabbatar shi mutum ne kafin a shigar da saƙonsa.

Gyaran duk a wuri ɗaya yake: a yanke hukunci kafin a ce 250. A Postfix, sabar da ke gaba a ba ta jerin sunaye ta relay_recipient_maps, ko a sa ta tambayi ta baya nan take ta reject_unverified_recipient. A Exchange, manhajar sabar imel ta Microsoft, a kunna tace sunayen masu karɓa. Binciken tarkace da na ƙwayar cuta a yi shi ana cikin hira, domin a iya cewa 550 a fuskar mai kawowa. Idan mai aikawa na gaskiya ne aka ƙi bisa kuskure, sabarsa ce za ta sanar da shi, kuma ita ta san shi.

Wanda tartsatsi ke sauka a kansa fa? Abu na farko a tantance ko kutse ne. A buɗe ɗaya daga cikin sanarwar, a duba kwafin saƙon asali da ke ciki, a karanta layukan Received, masu nuna sabobin da saƙon ya biyo. Idan lambar da ta fara fitar da shi ba ta ofis ba ce, kuma rajistar sabar ba ta nuna wani fita mai yawa ba, to sunan kawai aka ara, sauya kalmar sirri ba zai tsayar da komai ba. Idan kuwa lambar ta ofis ce, an shiga gida.

Akwai kuskuren da ake yi cikin fushi. Sanarwar rashin isa tana zuwa ne da ambulan marar sunan mai aikawa, alamar <> kawai, don kada sanarwa ta haifi wata sanarwar har abada. Sai wani ya toshe duk saƙon da ya zo a haka. Ambaliyar za ta tsaya, amma daga ranar ma'aikata ba za su sake sanin saƙonsu na gaskiya ya kasa isa ba, kuma matakin ya saɓa wa ƙa'ida. Dabarar da ta fi tsafta ita ce BATV, inda saba ke sa wata alama a adireshin ambulan na duk saƙon da ta fitar, sanarwar da ta dawo babu alamar a ƙi ta. Wanda bai kai nan ba yana iya tace sanarwar zuwa wata jaka ta daban a akwatin da abin ya shafa kaɗai, domin ambaliyar takan lafa idan mai tarkacen ya koma kan sunan wani.

## Inda masana suka rabu

Masu goyon bayan kundaye suna cewa babu abin da ya kai su arha. Tambaya ɗaya ta DNS tana korar tarkace mai yawa kafin ya ci data ko ya wahalar da injin, abin da ƙaramin ofis ke buƙata. Masu suka suna cewa hukunci ne babu kotu babu ɗaukaka ƙara. An taɓa gwada kotun: a 2006 wani kamfanin Amurka mai suna e360 ya sami hukuncin diyyar dala miliyan 11.7 a kan Spamhaus a jihar Illinois, bayan Spamhaus ta janye daga shari'ar tana cewa kotun ba ta da hurumi a kanta. Zuwa 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da kuɗin dala 3.

Saɓanin ya fi zafi a kan kuɗin cirewa da kuma kama unguwa gaba ɗaya. Spamhaus da SpamCop ba sa karɓar ko kwabo. UCEPROTECT yana cire lambar hawa na farko kyauta bayan kwana 7 idan laifi ya tsaya, amma mai gaggawa zai iya biya. Hujjarsu ita ce ba a tilasta wa kowa ba, kuma kamfanin haya ba ya korar masu tarkace sai kwastomominsa na kirki sun fara kuka. Takardar RFC 6471 ta 2012, wadda ta tattara kyawawan ɗabi'un masu kundi, ta ce kada a karɓi kuɗi don cirewa ko don hanzartawa, domin abin ya yi kusa da karɓar kuɗin fansa. Ga ofishin da ke Bauchi lissafin a fili yake: idan yana hawa na biyu ko na uku ne, laifin na maƙwabta ne ko na kamfanin haya, kuma kafin a nemi dala a biya ya kamata a fara nuna saƙo ko ɗaya da ya dawo saboda wannan kundin.

Akwai kuma saɓani kan yadda mai karɓa zai yi da amsar kundi. Wasu suna ƙin saƙo nan take. Wasu suna ba kowane kundi maki, kamar yadda manhajojin tace saƙo irin su SpamAssassin da Rspamd ke yi, sai maki ya taru a yanke hukunci. Na farko ya fi sauƙi, na biyu ya fi rage zaluntar marar laifi. Da yawa sun tsaya a tsakiya: ƙi kai tsaye da kundi ɗaya ko biyu da aka amince da su, saura a bar su a maki.

Sai tambayar da ke gaban kowane shugaban ofis: a ci gaba da riƙe saba, ko a koma hayar Google ko Microsoft? Hayar tana ɗauke yawancin wannan ciwon kai, amma kowane akwati kuɗinsa daban duk wata, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 duk abin da ke bin dala ya yi tsada. Riƙe saba ya fi sauƙin kuɗi a takarda, sai dai yana buƙatar mutumin da zai riƙa karanta rajista kullum, ba wanda za a kira sai ranar da abu ya lalace ba.

## Fita daga kundi

Saƙon da ya dawo shi ne shaidar farko, kuma yawanci yana ɗauke da sunan kundin ko dalilin ƙi. Injiniya ya nemi akawu ya turo masa shi cikakke, ba hoton rabin allo ta WhatsApp ba.

Daga nan a toshe ɓarakar kafin a roƙi kowa. A duba layin saƙonnin da ke jiran fita, a gano akwatin ko shafin da ke zubarwa, a rufe shi, a share tarkacen da ya taru, a sauya kalmar sirri. A hana duk kwamfutocin ofis fita ta ƙofa ta 25 in ban da sabar, ma'aikata su riƙa aikawa ta ƙofa ta 587 da kalmar sirri. A sa iyakar saƙon da akwati ɗaya zai iya fitarwa a awa. Wanda ya nemi cirewa alhali ɓarakar tana nan zai koma ciki, kuma masu kundi ba su cika saurin sauraron mai dawowa karo na biyu ba. Wasiƙar roƙon ta zama gajera: ga abin da ya faru, ga abin da aka gyara. Barazanar lauya ba ta cika hanzarta komai ba.

Sai takardun shaida, waɗanda sababbin sharuɗɗan suka mayar kusan wajibi. PTR shi ne sunan da lambar IP ke amsawa, kuma kamfanin da ya ba da lambar ne ke saita shi. SPF yana bayyana sabobin da aka yarda su aika da sunan domen ɗin ofis, wato sunan da ke bayan alamar @, da sharaɗin kada binciken ya wuce tambayar DNS 10. DKIM sa hannu ne na lissafi a jikin kowane saƙo. DMARC yana haɗa biyun da adireshin da mai karatu ke gani, ya gaya wa mai karɓa abin da zai yi da na jabu. Ana farawa da p=none, wato kada a ɗauki mataki tukuna, a karanta rahoto, a gano duk manhajojin da ke aikawa da sunan ofis, irin ta biyan albashi ko ta sakamakon ɗalibai, sannan a matsa zuwa quarantine, a jefa kwandon tarkace, da reject, a ƙi karɓa. Wanda ya yi tsalle zuwa reject a ranar farko, saƙonninsa na gaskiya zai fara kashewa.

Google tana neman kowane mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM, da PTR mai kyau, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato 3 a cikin 1,000. Mai aika 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail sai ya haɗa SPF da DKIM da DMARC duka, da hanyar fita daga jeri da dannawa ɗaya. Jami'a ko kwalejin da ke tura sanarwar rajista ga ɗalibanta a rana guda tana iya haye wannan adadin ba ta lura ba. Waɗannan shaidu suna rage tartsatsi ma, domin sabobin da ke duba su za su ƙi saƙon jabu tun a ƙofa, amma ba sa kawar da shi, tunda mai mugun saiti ba ta duba komai.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai kula da saba yakan toshe saƙon jama'a da hannunsa. Kundin da ya mutu aka bar shi a saiti bala'i ne. ORDB ya rufe a 2006, a 2008 ya fara amsa cewa kowace lamba a duniya tana ciki don masu tambayarsa su daina, sabobin da ba a gyara ba suka ƙi duk saƙon da ya zo. Duk wanda har yanzu yake da SORBS a saitinsa ya cire shi. Haka kuma Spamhaus ba ta amsa tambayar da ta biyo ta manyan DNS na jama'a, sai ta mayar da 127.255.255.254, alamar kuskure. Sabar da aka saita ta ɗauki kowace amsa a matsayin laifi za ta kori kowa.

## Wanda abin ke ƙarewa a kansa

Ɗalibar da ta gama karatu a Bauchi tana neman gurbi a wata jami'ar waje, an ce takardar sakamakonta ta fito daga adireshin makaranta, ba ta san an aika an ƙi karɓa ba sai wa'adi ya wuce. Ɗan kwangila a Gombe yana jiran amsar da ke kwance a kwandon tarkace. Ƙungiyar da ke aikin lafiya a karkara ta tura rahoto ga masu ba ta tallafi, su kuma suna ganin ta yi shiru. Ƙi na fili ma ya fi sauƙi, tunda mai aikawa ya sani. Wanda aka karɓa aka jefa kwando shi ne ba mai labari.

Akwai illar da ta fi wannan daɗewa. Idan imel ɗin ofis ya ba da kunya sau biyu ko uku, ma'aikata sukan koma Gmail ɗinsu na kansu da WhatsApp. Takardun hukuma da bayanan mutane su watsu a wayoyin da ofis ba shi da iko da su, abin da ke da wuyar daidaitawa da Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma ma'aikaci idan ya bar aiki ya tafi da su. Jama'a kuma su saba da ganin sanarwar ɗaukar aiki ko ta biyan kuɗin makaranta tana fitowa daga adireshin kyauta maimakon mai ƙarewa da .gov.ng ko .edu.ng. Ɗan damfara ba ya buƙatar fiye da haka: ya buɗe nasa adireshin mai kama da na ofis, ya tura wa iyayen yara lambar asusunsa, kuma babu abin da zai bambanta saƙonsa da wanda akawun makaranta ya turo a zangon da ya wuce.